Dabbar da ta Kwana a Gonar Wani

 

Ya ɗan'uwana mai karatu, kaka ta kama. Hatsi ya nuna, wasu sun fara yanka suna ɗaurin damma, wake yana kwance a ƙasa bai gama bushewa ba, garkunan da suka yi damina a arewa kuwa sun soma juyo da kai kudu saboda tabkuna sun fara ƙafewa. Duk wanda ya girma a ƙasar Dakoro, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle, daga Sakabal zuwa bakin Tarka, ya san abin da waɗannan makonni suke ɗauke da shi. A cikinsu ne ake cika rumbu, a cikinsu ne kuma maƙwabtakar shekara talatin takan lalace a dare guda. Shi ya sa na ga ya dace in yi maka magana a kan wani wajibi da ba mu cika lissafa shi cikin ibada ba: mutum ya buɗe baki ya ce "ni ne" idan ɓarna ta fito daga hannunsa, ko daga dabbarsa, ko daga yaron da ya tura kiwo, sa'an nan ya tsaya har a gyara.

Na sha zama a zauren mai gari ana sauraren ƙarar ɓarna, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba a cika daɗewa a kan yawan abin da za a biya ba. Dattawa biyu ko uku su shiga gonar, su duba inda aka tattake, su ƙiyasta damma nawa ne, magana ta ƙare. Inda ake cijewa shi ne tun farko, wajen amsa laifi. An bi sawu tun daga tsakiyar gona har bakin garke, ga kashin dabbobi ɗanye, ga ganyen wake a bakin akuya, amma mai dabbar yana neman a kawo masa Alƙur'ani ya dafa. Wani ba ya musu, sai ya ce ƙaddara ce, kamar ƙaddara ta taɓa ɗauke wa wani biyan bashi. Wani kuma ya jingina abin ga yaro, ya ce barci ya kwashe shi, alhali shi ne ya ɗora wa ɗan shekara goma shanu arba'in ya koma gida ya kwanta. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A zauren nan nake ganin tudun da idona.

Wannan shari'a ba a kanmu aka fara ta ba. Ka buɗe Suratul Anbiya, aya ta 78 da ta 79, za ka tarar da ita a gaban Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su: tumakin wasu mutane sun watsu da dare cikin shukar wani sun cinye. Malaman tafsiri sun kawo cewa Annabi Dawuda ya hukunta a ba mai gonar tumakin, domin ɓarnar ta kai kimarsu. Annabi Sulaimanu ya ga wata hanya: mai gona ya riƙe tumakin yana amfana da nononsu da gashinsu da abin da suka haifa, masu tumaki kuma su shiga gonar su yi mata aiki har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi nasa. Allah ya ce shi ne ya fahimtar da Sulaimanu, kuma ya yabi su biyun da hukunci da ilimi. Abin da yake taɓa zuciyata a wannan ƙissa shi ne hannun da ya jawo ɓarnar shi aka sa ya yi gyaran. Ba a tsiyata makiyayi ba, ba a kuma ce wa manomi ya je ya yi haƙuri ba. Mai tumaki ya yi ta zufa a gonar da dabbobinsa suka ci, yana ganin da idonsa irin wahalar da ke cikin tsiro guda kafin ya kai ga zangarniya.

A Madina ma an yi. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga lambun wani mutum ta yi ɓarna, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, abin da dabbobi suka lalata da dare kuwa biyansa yana kan masu dabbobin. Wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce wannan hukunci, ko da ya manta. Sai dai ka kula, ya ɗan'uwa, kada wani ya ɗauki rabin magana ya gudu da ita, ya ce ai ɓarnar rana ba biya. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halilu, sun sa sharaɗi: rangwamen rana yana ga dabbar da aka saka nesa da gonaki kuma ba makiyayi tare da ita. Idan an sake ta a gindin shuka, ko makiyayi yana nan tsaye da sandarsa ya yi sakaci, to biya ya hau. Sun kuma ce ɓarnar dare ana biyanta ko da ta fi kuɗin dabbar da ta yi ta. Har yadda za a ƙiyasta shukar da ba ta nuna ba sun faɗa: a kimanta ta tsakanin fata da tsoro, wato tsakanin tsammanin ta yi kyau da yiwuwar ta lalace. Ka ga adalcin da ke cikin wannan. Ba za a ce wa manomi ai ganye ne kawai aka ci ba, ba kuma za a bar shi ya lissafa rumbu cike a kan hatsin da ko ruwan ƙarshe bai sha ba, wanda fari ko ɗan tsuntsu ko tsutsa za su iya gamawa da shi.

Kada ka zaci da makiyayi kaɗai nake. Da farko ma, raba mutanen Dakoro gida biyu, manoma da makiyaya, ya daina zama gaskiya tun da daɗewa. Wane Bahaushe ne a ƙauyukanmu ba shi da awaki ko sa na amalanke? Fulani da Buzaye nawa ne suke da gonakinsu? Ɓarna da yawa da na gani ba baƙon garke ne ya yi ta ba, akuyar maƙwabci ce da aka ƙi ɗaurewa. Sa'an nan manomi yana da nasa tudun da yake takawa. Akwai wanda kowace damina sai ya ƙara kunya biyu cikin burtali, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma sai dabba ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya shuke bakin tabki ko kewayen rijiya, ya san sarai dabba ba za ta kai ga ruwa ba sai ta taka shukarsa, yana jiran ta taka ɗin. Akwai wanda aka ci masa dami biyu ya rantse goma ne. Akwai wanda ya kama yaron kiwo ya yi masa jina-jina, ko ya sassare agarar saniya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɓarna ce, kuma mai ita yana da biya a wuyansa kamar yadda mai dabba yake da shi. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim da tsinuwa a kan wanda ya gusar da alamar iyakar ƙasa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya daga ƙasa bakwai. Turakun simintin da aka kafa a gefen burtali alamar iyaka ne. Wanda ya tumɓuke ɗaya da dare ya san a layin da ya shiga.

Dokar ƙasa ma ba ta bar wannan fage a buɗe ba. Tun ranar 26 ga Mayu 1961 Nijar ta ja iyakar noma ta arewa, kuma a yankinmu iyakar ta bi ta wajajen kwarin Tarka. Arewa da ita ƙasar kiwo ce, kuma dokar ta ce gonar da aka yi can idan dabba ta ci ba diyya. Kowa ya san gonaki sun daɗe da haura wannan layi, musamman bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da yunwa da ƙaruwar jama'a suka tura mutane neman sabuwar ƙasa. Ba ina cewa wanda ya haura mugu ne ba. Yunwa ce ta kai da yawansu. Amma wanda ya yi gona a ƙasar kiwo ya kamata ya san matsayinsa kafin ya ɗaga murya. Daga baya aka yi dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kawo kwamitocin filaye da muke kira Kofo, daga na ƙauye har na gunduma. Sai dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa, ta kuma bar iyakar 1961 a inda take. Kowace shekara gwamnan jiha yana sanar da ranar sakin gonaki. Makiyayin da ya shigo kafin ranar ya san ya yi gaggawa, manomin da ya bar dammansa a fili bayan ranar ya san ya yi jinkiri. Kuma tsarin ya ce a fara da sulhu a gaban sarakunan gargajiya, a rubuta takarda ko an daidaita ko ba a daidaita ba, kafin a je gaban alƙali. Duk waɗannan suna da amfani, amma takarda ba ta iya sa mutum ya ce "ni ne". Wannan daga ƙirji yake fitowa.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Idan mai laifi ya ƙi amsa laifinsa, laifin ba ya ɓacewa, wani wuri yake nema ya sauka. Tun da ba a sami "wane ya yi" ba, sai a koma "su wane suka yi". Daga sunan mutum ɗaya a koma sunan ƙabila. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rigimar manoma da makiyaya ta ɓarke a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a wannan jiha tamu ta Maraɗi. An kashe mutum fiye da ɗari, mafi yawansu mata da ƙananan yara na Fulani. Ka tsaya ka yi tunani: wace gona jariri ya ci? Wace saniya tsohuwa ta kora cikin hatsin wani? A watan Nuwamba na 2016 kuma aka sake ganin irinta a Bangi, ƙasar Madawa, inda rayuka kusan ashirin suka salwanta. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba wani rai da zai ɗauki nauyin laifin wani. Wanda ya ƙone rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, alhakin jinin yana kansa shi kaɗai, ba wani uzuri. Amma ina so ka ga ɗaya gefen: mutumin da dabbobinsa suka yi ɓarna ya kaɗa su kafin asuba ya tsere, ya bar fushin ya faɗa kan garken da zai biyo bayansa. Ya tsira da damma biyar, ya bar wa ƴan'uwansa wuta. Ban ga yadda zai tsaya gaban Allah ya ce ba ruwansa ba.

Shugabanni suna da nasu kaso, kuma nasu ya fi nauyi. Bayan buɗe Makka, a shekara ta 8 bayan Hijira, Halidu ɗan Walid ya kashe wasu mutane daga Banu Jazima bisa kuskuren fahimtar maganarsu. Da labari ya iso, Manzon Allah bai rufe ba don Halidu babban kwamanda ne. Ya ɗaga hannuwansa ya barranta zuwa ga Allah daga abin da aka yi, kamar yadda Buhari ya ruwaito, kuma masu tarihin Annabi sun kawo cewa ya aiki Sayyidina Aliyu da dukiya ya biya diyyar rayuka da ta kaya, har da kwanon da kare ke shan ruwa a ciki. Ba shi ya yi ba, amma mutumin da ya aika ne ya yi, sai ya ɗauki gyaran. Mai gari da ardo da shugaban ƙungiya da liman, kowa ya auna kansa da wannan. Ardon da ya san garken da ya yi ɓarna ya yi shiru don ɗan'uwa ne, da mai garin da ya san wanda ya shuke burtali ya kau da kai don surukinsa ne, kowannensu yana tsammanin rufin asiri yake yi. Ni kuwa ina ganin itace yake tarawa.

Na san faɗar gaskiya tana da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Ka'abu ɗan Malik bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9, kuma ba shi da wani dalili. Mutum tamanin da wani abu suka zo suka kawo uzuri suka rantse, aka karɓi zahirinsu, suka koma gida lafiya. Shi mai iya magana ne, da ya so da ya shirya nasa. Ya ce ba shi da uzuri. Shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya aka ƙaurace musu dare hamsin, ba mai yi musu magana. Ana cikin haka har wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan yana kiransa ya koma can a girmama shi, ya jefa ta cikin tanderu. Sa'an nan karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba, aya ta 118, muna karanta ta har yau a cikin salla. Abin da za ka biya kai bai kai dare hamsin ba. Jika kaɗan ne, ko tiya ashirin ta hatsi, da ɗan zafin da fuska ke ji idan ta sunkuya.

To yaya ake yi? A ganina, mafi girman abu shi ne ka riga shi zuwa. Idan ka wayi gari ka ga dabbarka ta kwana a waje, cikinta ya cika, bi sawunta da kanka, ka je ƙofar mai gonar kafin ya zo taka. Mutumin da ka tarar yana alwala ka ce masa "dabbata ta shiga gonarka jiya, zo mu je mu gani" ba ɗaya yake da mutumin da ya gano da kansa ya taho da gatari a kafaɗa ba, ko da shi ɗin ne dai. Ka tafi da dattijo ɗaya da ku biyun kuke jin nauyinsa. Ka kira ɓarnar da sunanta. Wannan maganar da muka saba, "in na yi maka laifi ka yafe", ba ta isa ba a nan, domin "in" ɗin nan ƙofar baya ce da mai magana ya bar wa kansa. Ka bar masu ƙiyasi su ƙiyasta, kada ka zama kai ne mai laifi kai ne mai awo. Idan ba ka da abin biya yanzu, ka faɗa, a sa rana, a rubuta, ka cika. Sa'an nan ka gyara abin da ya jawo: igiyar da ta tsinke, shingen da ya faɗi, yaron da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda aka yi wa ɓarna shi ma akwai abin da ke kansa. Idan mutum ya zo da ƙafarsa, kada ka mayar da zuwansa kasuwa. Wanda ya amsa laifi aka wulaƙanta shi a gaban jama'a, aka ninka masa biya, to an koya wa duk wanda ke kallo cewa musu ya fi riba. Yafiya kuwa babban daraja ce, amma ina da ƙorafi a kan yadda muke yin ta. Sau da yawa ba a gama jin ƙara ba sai a fara "a yi haƙuri, a yi haƙuri", kuma kusan kullum mai rauni ake fuskanta da wannan kalma: bazawarar da ɗan filin wakenta ne abincin marayunta, ko baƙon makiyayi da ba shi da kowa a gari. A fara tabbatar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, a ce ga abin da kake bi. Idan ya ga dama ya bari don Allah, ladansa ya cika. Wanda aka matsa wa ya ce ya yafe alhali cikinsa yana tafasa, ba a kashe wutar ba, toka aka rufa mata.

Malamai sun ce tuba tana da sharaɗi uku idan laifin tsakaninka da Allah ne: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Idan da haƙƙin mutum a ciki sai na huɗu ya ƙaru, wato ka mayar masa da abinsa ko ya warware maka. Carbi ba ya biyan dami. Hadisin Buhari ya umarci wanda ya zalunci ɗan'uwansa ya nemi warwara tun yau, kafin ranar da ba dinari ba dirhami, ranar da za a biya da kyawawan ayyuka, in sun ƙare a ɗebo zunuban wancan a ɗora masa.

Wataƙila kana karanta wannan wata tsohuwar ɓarna ta faɗo maka a rai, ta shekara biyar ko ashirin, wadda ba wanda ya san kai ne. Tsufanta bai sauke ta ba. Idan mai ita yana raye, ka kai masa. Idan kana tsoron faɗar za ta tayar da fitina da ta fi ta farko, malamai sun yi sauƙi cewa abin ya isa hannunsa ta kowace hanya, ko ta hannun amintacce. Idan ya rasu, na magadansa ne, a raba musu bisa gado. Idan kuwa baƙo ne da ya wuce da garkensa, ka yi cigiya a kasuwa da wajen ardo ba a san inda ya nufa ba, to ka ƙiyasta abin da gaskiya, ka ɗan ƙara don kokwanto, ka yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare shi, tare da ƙudurin cewa in Allah ya sake haɗa ku za ka gaya masa, ya zaɓa: ko ya yarda da sadakar, ko ka biya shi nasa.